NA KOMA YARON SHAGON WALDA INA DA SHEKARA 46



Tun ranar Asabar ɗin da wani abokin aikinmu ya biyo ta Ɗambatta zai wuce Kazaure, ya hango ni a tsugune a bakin shagon walda sanye da tsohuwar rigar kaki duk hudar wuta, wayata ba ta huta ba. Wani ya kira yana tambaya a hankali, "Lafiya dai ko? Ba wata matsala a ofis?" Wani ya ce ko bashin banki ne ya taso ni gaba. Wata 'yar uwata kuwa har gida ta je ta samu Hajiya, wai a ja mini kunne kada in zubar da mutuncin gida. To bari in amsa wa kowa a lokaci guda, don na gaji da maimaita magana ɗaya.

Ba a kore ni ba. Aikina yana nan, shekarata 19 ina aikin gwamnati, digirina yana cikin akwati ba abin da ya same shi. Walda nake koyo, duk Asabar da Lahadi, wata 8 ke nan. Ba neman kuɗi ya kai ni ba, sha'awa ce da kuma haushi. Amma abin da na gani a wata takwas ɗin nan ya sa nake da magana da mu 'yan boko, da masu waldar kansu, da kuma waɗanda ke riƙe da ƙananan hukumominmu. Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri da ni.

Bari in fara da haushin.

Damanar bara, cikin watan Yuli, an yi ruwa mai kyau da daddare. Da safe muka shiga gonar gero za a yi huɗa da garmar shanu. Ba a yi kunya goma ba garmar ta daki wani tsohon kututture, ƙarfen ya tsage daidai inda aka haɗa shi. Duk wanda ya san noman yankinmu ya san abin da wannan ke nufi. Mu nan ba kamar Tudun Wada ko Doguwa ba ne da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya. Ƙasarmu jigawa ce, danshin kwana biyu ne, in ya wuce sai ka jira wani ruwan. Gonakinmu kuma ƙanana ne, a manne da juna, mai shanu ɗaya yana da gonaki goma da ke jiran sa.

Muka ɗora garma a babur zuwa wajen mai walda mafi kusa, ya ce babu wuta, babu mai a janareto. Muka wuce cikin gari, muka tarar da layi: amalanke, kura, ƙofofi, injin ban ruwa. Sai a rana ta uku aka taɓa tamu. Ina tsaye aka yi aikin, wallahi bai kai minti 15 ba. Kafin mu koma danshi ya tafi, mai shanu ya wuce gonar wani. Bayan mako guda kuma garmar ta sake karyewa a daidai wurin da aka yi waldar. A lokacin ban san dalili ba, na dai ce tsautsayi. Yanzu na sani: a kan tsatsa aka ɗora waldar, ba a goge ba, ba a buɗe bakin tsagar ba, wutar ba ta ratsa ƙarfen ba. An shafa ne kawai a sama kamar yaɓe.

A ranar na zauna na yi wa kaina lissafi. Ni ne zan rubuta takardar ofis shafi ashirin ba kuskure, ni ne ake kawo wa fom in cike wa rabin ƙauyenmu, amma aikin minti 15 ya tsayar mini da gona, kuma ban iya bambance waldar kirki da ta banza ba. Kuɗina na biya aka cuce ni ina kallo, har da godiya.

Bayan an gama kaka na je wajen wani mai walda da kowa ya shaida aikinsa. Na girme shi da shekara fiye da goma, ko sakandare bai ƙarasa ba. Na ce masa so nake ya koya mini. Ya yi dariya ya ce, "Haba yallaɓai, wasa kake." Na ce da gaske nake. Ya dube ni ya ce, "To amma ka san a nan babu yallaɓai. In na ce miƙo, miƙowa za ka yi." Na ce na yarda, Oga. Tun daga ranar Oga nake ce masa. Yaran shagon kuwa Baba suke ce mini, kuma ƙaraminsu, ɗan shekara 14, shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe giranda.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, bari in ɗan yi bayani, don ni ma da kallon tartsatsi kawai nake yi. Waya biyu ke fitowa daga injin walda. Ɗaya ana maƙala ta a jikin ƙarfen da za a haɗa, ɗayar kuma tana da mariƙi wanda ake sa sandar walda a bakinsa. In ka kusanta sandar da ƙarfen sai wutar lantarki ta yi tsalle a tsakaninsu, ta ba da zafin da ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500. Sai bakin ƙarafan biyu da sandar kanta su narke su gauraya, in sun huce sun zama abu ɗaya. Wannan ɓawon da ke jikin sandar kuma ba ado ba ne. Yana ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfen daga iska, sannan ya taso sama ya daskare, ya zama abin nan mai kama da kashin maƙera da ake ɓamɓarewa da guduma. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Oscar Kjellberg ne ya fito da dabarar yi wa sandar ɓawo a farkon shekarun 1900, yana neman hanyar gyaran jiragen ruwa. Yau ga ta a kowane lungu daga Bichi har Kunci.

Sandar da aka fi amfani da ita a shagunanmu, in ka duba jikinta, za ka ga an rubuta E6013. Na tambayi yaran shagon ma'anarsa, ba wanda ya sani, har Oga. Na je na karanta. Lamba 60 ɗin tana nuna ƙarfin jan da waldar za ta iya jurewa, 1 tana nufin ana iya aiki da ita a kwance ko a tsaye ko a saman kai, 3 kuma irin ɓawon ne da irin wutar da take karɓa. Wadda suke kira gej 12, kaurinta milimita 2.5, tana son wuta kamar amp 60 zuwa 90. Gej 10, milimita 3.2, tana son kamar 90 zuwa 130. Oga bai san lambobin nan ba, amma da kunne yake gane su. In wutar ta yi daidai, ƙarar tana fita sumul kamar ana suyar ƙosai. In ta yi kaɗan sanda ta riƙa maƙalewa, in ta yi yawa ta huda ƙarfe. Yana daga can nesa yana yankan ƙarfe sai ka ji ya ce, "Baba, rage wuta." Ni na zo da lamba, shi yana da kunne. Ranar da muka haɗa biyun, kowa ya ƙaru.

Makon farko ban iya ko kunna wutar ba. Ana ƙyasta sandar ne a jikin ƙarfe kamar ashana, sannan a ɗaga kaɗan, tazarar ba ta wuce kaurin sandar kanta ba. Ni kuwa in na ƙyasta sai ta manne, in fizge da ƙarfi, wuta ta mutu. In na ɗaga da yawa ta yi ta fantsama. Ga shi sandar tana cinyewa, dole hannunka ya riƙa sauka a hankali yana kuma tafiya gefe a lokaci guda. Waldar da na fara yi, yaran suka ce kashin kaji ce. Ba su yi ƙarya ba. Sai da na ƙona kwalin sanduna kusan biyu a kan guntayen ƙarfen da aka zubar kafin na ja layi ɗaya miƙaƙƙe da Oga ya buga da guduma bai ɓalle ba. Bai yaba ba, cewa kawai ya yi, "To, ka fara." Wallahi daɗin da na ji ya fi na ranar da aka ƙara mini girma a ofis.

Yanzu kuma maganar ido, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu.

A mako na uku na biye wa yaran. Su ba sa sa komai in za su ɗiga walda, kau da kai kawai suke yi ko su runtse ido, wani kuma ya sa baƙin tabarau irin na kwalliya. Na ce ai ɗigawa ce kawai, na ajiye garkuwar fuskar. Da rana lafiya ƙalau. Misalin ƙarfe biyun dare na farka kamar an zuba mini yashi da barkono a ido. Hawaye kamar famfo, ba na iya buɗewa, ko hasken waya ba na so. Maman yara ta rikice, ta ce, "Abban yara, wannan wace irin sha'awa ce da za ta makantar da mutum?" Da safe aka kai ni asibiti. Likita ya ce hasken walda ne ya ƙona fatar da ke saman ƙwayar idon, irin hasken nan da ido ba ya gani, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan wasu awanni, shi ya sa mutum yake zaton ya tsira. Ya ba ni magani, kwana biyu na warke.

Da na koma shago na ba da labari sai yaran suka yi ta dariya. Suka ce, "Baba, ai yanzu ka zama ɗan gari. Kowa sai ya yi. Madara za ka ɗiga." Ɗan shekara 14 ɗin nan ya ce shi ya daina ƙirga sau nawa ya yi. A nan dariyata ta tsaya. Ni ina da albashi, ina da mai kai ni asibiti. Shi fa? Yaron nan shekara talatin ko arba'in zai yi yana kallon wannan wutar. Ku duba tsofaffin masu walda na garuruwanku, ku dubi idanunsu da kyau, ku ga yadda suke jajir kullum suna ruwa.

Don Allah duk mai ɗa ko ƙane a shagon walda ya ji wannan. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan hasken yadda ake buƙata. Gilashin walda daban yake, yana da lamba, na irin aikinmu 10 ko 11 ake so, kuma a jikin garkuwar da ke rufe fuska duka, don hasken har fata yake ƙonawa. Madara ba magani ba ce, ƙwayoyin cuta ma za ta iya kaiwa cikin idon da ya riga ya ji rauni. Bayan ido akwai sauran. Farin bututun nan na ruwa mai shafen zinki, in ana waldarsa hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, mutum ya ɗauka maleriya ce. Rigar leda ko yadin roba in tartsatsi ya faɗa mata narkewa take ta manne a fata, auduga mai kauri ake sawa. Silifas ba takalmin walda ba ne. Walda a jiƙaƙƙen wuri ko da jiƙaƙƙen hannu, musamman da injinan nan na haɗin gida da wayoyinsu ke tsirara, wasa da rai ne. Mafi muni kuma shi ne tankin mai ko duro. Wanda ba komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya rage a ciki shi ne ke fashewa. Oga ya ce mini ko nawa za a ba shi ba ya taɓa tankin da bai tabbatar da yadda aka wanke shi ba, kuma ni a matsayina na ɗan koyo ya haramta mini kusantar irin wannan aikin kwata-kwata. Rigakafi dai ya fi magani.

Na sayi garkuwa huɗu da safar hannu na kai shagon. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai abin da nake kashewa a mai zuwa ofis a mako biyu ba. Da farko yaran suna jin kunyar sawa, wai za a ce ragwaye ne. Sai da Oga da kansa ya fara sawa sannan suka bi. Ashe matsalar ba ta kuɗi ba ce kawai, akwai wata jarumtar banza da aka gada.

To, mu dawo kanmu mu 'yan boko.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba wahalar waldar ba ce, yadda mutane suka ɗauki ganina a shagon a matsayin faɗuwa ne. A Kano fa muke. Garin da tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dutsen Dala saboda tama, har ake cewa sunan ɗayansu garin ya ci. Garin da har yau akwai sarautar Sarkin Maƙera. Malamanmu kullum suna faɗa mana Annabi Dawud (AS), duk da mulkin da Allah Ya ba shi, sulke yake ƙerawa, daga aikin hannunsa yake ci. Amma yau in mai digiri ya riƙe ƙarfe sai a ce me ya yi zafi. In ya zauna a majalisa daga la'asar zuwa isha yana gardamar siyasa da ƙwallon Ingila, wannan ba wanda zai kai ƙararsa wajen mahaifiyarsa. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana.

Kuma mu duba halin da muke ciki. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, wane ma'aikaci ne albashinsa ke kai shi ƙarshen wata? A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Kano ta sa 71,000, amma kowa ya san abin da kasuwa ta yi wa wannan ƙarin. Sannan dokar aiki ta ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa, sai ka tafi gida. Ni saura shekara 14. Mun ga yayyenmu da suka yi ritaya, waɗanda da mutane ke miƙewa in sun shigo, yau suna zaune a ƙofar gida suna jiran alat, ba abin da hannunsu ya iya sai sa hannu. Ba na so in zama haka.

Na san za a yi mini tambayoyi, bari in amsa tun yanzu.

Na ɗaya, wani zai ce ai doka ta hana ma'aikaci kasuwanci. Gaskiya ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Shi ya sa ban buɗe shago ba, ba na karɓar sisin kowa, ba na kuma taɓa lokacin ofis. Amma ba inda doka ta hana ni koyo ranar hutuna, ko gyara garmar gonata. In na yi ritaya kuma wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Na biyu, wani zai ce kana so ka ƙwace abincin talakawa. Wannan ma na yi tunaninsa. Amma ku zo Ɗambatta ranar Lahadi, ranar kasuwa, ku ga layin da ke bakin shagunan walda. Masu walda ba su yi yawa ba, masu waldar kirki ne suka yi kaɗan. Ni kuma tun da na koya, aikin da nake kai wa Oga ƙaruwa ya yi, don yanzu na san abin da za a iya ƙerawa a nan maimakon a sayo daga Ƙofar Ruwa. Na kuma daina yi masa cinikin wulaƙanci, don na san nawa sanda take, nawa mai yake, nawa kuma ido yake.

Na uku, wani zai ce ashe dai digiri ba shi da amfani. A'a, kada a sa mini magana a baki. Tun da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa kan ƙwarewa da takardar digiri ake ta wannan cacar bakin, kamar dole sai an zaɓi ɗaya. Ni na ga amsar da idona. Karatuna ne ya sa na fahimci lambobin jikin sanda, na iya lissafa wa Oga yawan ƙarfen da get zai ci kafin ya yanka, na nuna masa yadda zai rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Ashe akwai ayyukan da yake yi a kan asara shekara da shekaru bai sani ba. Shi kuma hannunsa ya koya mini abin da ba littafin da zai koya mini. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. 'Ya'yana za su yi karatu har inda Allah Ya nufa, amma babban ɗana tuni ya fara bi na shago, da garkuwarsa a fuska.

Saura hukumomi.

Mu da muka yi ƙaramar sakandare a tsarin 6-3-3-4 mun tuna darasin koyon fasaha. An shigo da injina daga ƙasashen waje an raba wa makarantu, da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta, ba malami. Mu a allo aka zana mana su, muka haddace, muka ci jarrabawa. Sakamakon ke nan: ga ni a shekara 46 yaro ɗan 14 yana koya mini riƙon giranda.

Yau ga manyan ayyukan ƙarfe a ƙofar gidanmu. Bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Irin waɗannan ayyukan ba a ɗaukar mai walda don ya ce ya iya. Sai an gwada shi, sai ya nuna shaida, wani lokaci har hoton cikin waldar ake ɗauka a ga ko akwai rami. Oga, duk da hannunsa, ba shi da ko takarda ɗaya da ta ce shi mai walda ne. Alhali hanyoyin suna nan. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Akwai NABTEB. Akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, wanda ke iya amincewa da abin da mutum ya riga ya koya a bakin aiki. Akwai ITF tun 1971. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Bichi, ga Kwalejin Noma ta Audu Baƙo a Ɗambatta. Amma a shagonmu ba wanda ya taɓa jin labarin ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyin kafin in faɗa musu.

Don haka shawarata ga shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu guda uku ce, kuma ba mai tsada a ciki.

Ta farko, a daina tallafin hoto. A tara matasa a yi musu bitar kwana uku, a ba kowa injin walda a gaban kyamara, washegari injin ya koma kasuwa a rabin kuɗi. Kwana uku ko kunna wuta ban iya ba. Makarantar walda ta gaskiya ita ce shagon bakin titi, can ya kamata tallafi ya je. A ƙirga shagunan da ke kowace mazaɓa, a biya wa iyayen gidan kuɗin jarrabawar shaida, a haɗa su da malaman kwalejojin nan na ɗan lokaci.

Ta biyu, garkuwar fuska ga kowane yaron shago. Kuɗin da ake kashewa a allon talla ɗaya na ɗan siyasa zai rufe fuskokin yara masu yawa. Ƙungiyoyin masu walda kuma su sa doka a tsakaninsu: ba garkuwa, ba riƙe sanda. Ma'aikatan lafiya na karkara su ma su riƙa leƙawa suna wayar da kai, kamar yadda ake yi wa masu abinci.

Ta uku, wuta. Duk mun tuna duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, fiye da mako guda, yadda ƙananan sana'o'i suka durƙushe. A ƙauyukanmu kuwa wannan duhun shi ne kullum. Injinan walda na zamani ƙanana, waɗanda za ka rataya a kafaɗa, ba sa cin wuta kamar tsofaffin. In aka samar da wuta mai ƙarfi, ko ta sola ce, a wuri ɗaya a kowace babbar kasuwa, masu walda da masu niƙa da teloli su taru su riƙa biya, manomi ba zai ƙara rasa danshi saboda ba mai a janareto ba.

Ga wanda kuma yake da sha'awa irin tawa, shawarata kada ka fara da sayen inji. Fara da neman ubangida, mai aikin kirki, ka ajiye muƙaminka a bakin ƙofa. Abu na farko da za ka saya garkuwa ce da safar hannu da rufaffen takalmi. Ka yi ta koyo a kan guntayen ƙarfe masu kauri, don siririn ƙarfe ya fi wuya, nan da nan yake hujewa. Ka goge tsatsa da fenti kafin ka ɗora wuta. Ka ajiye sandunanka inda ba danshi. Kada kuma ka yarda ka taɓa abin da ran mutum zai dogara a kansa, kamar ƙarfen mota ko ƙafar tankin ruwa na sama, sai ubangidanka ya ce ka isa. Ba dole sai walda ba ma. Akwai haɗa sola, akwai gyaran injin ban ruwa da masu noman rani na Watari da Tomas ke nema ido rufe, akwai kafinta. Gemu ba ya hana ilimi.

Makon jiya ƙarfen amalanken maƙwabcinmu ya tsage, ga taki yana jira a kai gona. Na goge wurin sai da ya yi fari, na buɗe bakin tsagar, na ɗiga gefe da gefe, sannan na ja layina. Oga ya zo ya duba, ya sa guduma ya buga sau uku, ya juya ya tafi bai ce komai ba. Wanda ya san shi ya san wannan shi ne yabonsa. Kafin azahar taki ya isa gona. Dattijon ya ciro kuɗi na ce ya mayar, sai ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Da yamma na je gaida Hajiya na ba ta labari. Ta dubi hannuna duk tabon tartsatsi, ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ga ƙyauren ɗakina nan shekara biyu yana jan ƙasa, in ka isa." Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu can zan fara.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya tsare idanun yaranmu, Ya ba mu damana mai albarka. Amin.